Kaye a cikin waya: kurakuran da muke yi da manhajojin tsara aiki

Akwai wani Alhaji mai sayar da taki da irin shuka a babbar kasuwar Maradi, tun ina yaro nake ganin shi da kaye guda mai shuɗin bango, ɗaure da roba. Bashin da yake bi, buhunan da za su tafi Dakoro, ranar da zai aika kuɗi Katsina, duk suna ciki. Da safe ya buɗe, bayan Isha ya sake buɗewa ya ja layi a kan abin da ya ƙare. Ɗansa kuwa, da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, manhajojin tsara aiki uku ne a wayarsa, kuma shi ne ya shigo shagona ran nan a fusace: "Yaya, ranar miƙa aikina ta wuce, wayar nan ko tari ba ta yi ba."

Gyaran waya da kwamfuta ne sana'ata, kuma duk wanda ya ce in sa masa abin da zai riƙa tuna masa ayyuka, buɗaɗɗun manhajoji nake sa masa, wato waɗanda aka bar rubutun da aka gina su da shi a fili, kowa ya duba ko ya gyara. Korafe-korafen da ake dawo mini da su kusan iri ɗaya ne, kuma da wuya ka tarar laifin manhajar ne.

Na farko, ɗaukar cewa duk abin da ba a biya ba buɗaɗɗe ne. Wanda ya yi lakwal ya san libre daban, gratuit daban. 'Yanci ake magana, ba kyauta ba, kuma a kan haka Richard Stallman ya fito da lasisin GPL, mai kare wannan 'yanci na manhaja, a 1989. Amfanin abin yana bayyana ne ranar da mai manhaja ya gaji ko ya sayar. A 2013 kamfanin Yahoo ya sayi wata manhajar tsara aiki mai suna Astrid ya rufe ta, amma da yake rubutunta a buɗe yake, aka ɗauka aka ci gaba, ita ce Tasks.org ta yau. Wunderlist kuwa, wadda Microsoft ya saya a 2015 ya rufe a 2020, ba wanda ya iya tayar da ita, sai dai jama'a suka kwashi kayansu suka yi ƙaura. Mu a nan al'adarmu ita ce aboki ya turo maka manhaja ta Xender don a tsimin mega. Ba ka san hannu nawa ta bi ba, ba ka san abin da aka cusa mata a hanya ba. Ka sauke F-Droid daga shafinsa, rumbun buɗaɗɗun manhajojin Android ne da ke aiki tun 2010, ka riƙa ɗauka daga can. Sai dai ka tsaya ga rumbu ɗaya: sau da yawa wadda ka ɗauko daga Play Store ba ta yarda a sabunta ta da ta F-Droid, saboda hatimin da aka buga musu ba ɗaya ba ne. Masu gaggawa sukan cire tsohuwar don su sa sabuwar, jerin ayyukansu ya bi ta.

Sai masu sayen rigar da ta fi su. Yaro ya karanta cewa Nextcloud ko Vikunja sun fi kowa, bai lura ba cewa suna bukatar sabar, kwamfutar da ke kunne dare da rana. A garin da ake ɗauke wuta a tsakiyar zafin Afrilu, wa zai yi renon wannan don ayyuka goma? Taskwarrior ma da umarni ake rubuta masa, sai wanda ya saba da baƙin allo. Mutum ɗaya mai waya ɗaya, Tasks.org ya ishe shi, kuma yana aiki ba intanet. Mai yawan rubutu, kamar malamin makaranta ko ɗalibi, ya ƙara Joplin, manhajar adana rubutu.

Matsalar ɗan Alhaji kuwa ita ce wadda ta fi kawo mini mutane: an sa tunatarwa, lokaci ya yi, waya shiru. Yawancin wayoyin da suka cika kasuwarmu suna zuwa da tsarin tsimin batir mai tsanani, wanda ke kashe duk manhajar da ba a buɗe take ba. WhatsApp da ire-irensa kan tsira, ƙananan manhajoji kuwa a shaƙe su. Ga abin da na yi a gabansa. Na shiga Paramètres, wato wurin saitin waya, na nemo manhajar, na cire ta daga cikin waɗanda ake yi wa tsimin batir. Na ba ta izinin tashi da kanta idan an kunna waya. Na duba izinin sanarwa, domin daga Android 13 sai ka yarda da hannunka kafin manhaja ta iya yi maka magana, kuma da yawa muna danna "a'a" ba mu karanta ba. Na duba izinin ƙararrawa. Sannan na sa aiki na gwaji nan da minti biyar, na kulle wayar, muka ajiye ta a kan tebur muna shan shayi. Da ta yi ƙara sai ya yi dariya. Wannan gwajin na minti biyar, kada ka bar shi sai ranar da abin ya zama na gaske. Kuma ka rabu da manhajojin nan masu cewa suna share waya su ƙara mata gudu, su ne kan fara kashe tunatarwa.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne rashin kwafin ajiya. Buɗaɗɗiyar manhaja yawanci ba ta kai bayananka wurin wani kamfani sai ka ce ta kai, abin da muke yabo ke nan. To amma hakan na nufin idan waya ta faɗi daga kan kabu-kabu, ko aka zare ta a cunkoson kasuwa, ba wanda za ka je wa ka ce ya maido maka. Wata tela daga unguwar Zariya ta zo mini ana saura kwana tara Sallah, allon wayarta ya mutu, awon mutane da ranakun karɓar ɗinki duk suna ciki. "Malam, ka rufa mini asiri," ta ce. Allah ya sa allon ne kawai, muka canza. Da cikin ne ya ƙone, da sai ta bi gida-gida tana sake awo.

Tasks.org yana yin kwafi da kansa, amma idan ba ka zaɓa masa folda ba, a ɗakinsa yake ajiyewa, ɗakin kuma yana tafiya tare da manhajar in an cire ta. Ka nuna masa folda a katin memori, sannan sau ɗaya a mako ka fitar da fayil ɗin daga wayar gaba ɗaya, zuwa kwamfuta ko wayar wani na gida. A Joplin na kwamfuta akwai fitar da komai a fayil guda na JEX. Kuma aƙalla sau ɗaya ka gwada maido da kwafin a wata waya, ka gani da idonka yana buɗuwa.

A nan ne masu wayo ke faɗawa wani rami. Su ce ai sun haɗa waya da kwamfuta ta Syncthing, komai yana wuri biyu. Syncthing abu ne mai kyau, yana kwashe fayil tsakanin na'urori biyu da ke kan Wi-Fi ɗaya ko da babu intanet, ba mega ko ɗaya. A Android yanzu Syncthing-Fork ake sawa, domin an daina kula da ta asali a ƙarshen 2024. Amma madubi ne: ka goge a nan, ya goge a can. Sai ka kunna masa ajiye tsofaffin kwafi, ko ka riƙa ware wani kwafin da hannu. Haka nan wanda ya kulle rubutunsa na Joplin da kalmar sirri ya manta ta, ko wanda ya ƙera manhajar ba zai iya buɗe masa ba. Ka rubuta ta a takarda, ka sa inda kake ajiye takardar haihuwa.

Duk wannan gyaran waya ne. Saura gyaran abin da muke rubutawa, kuma a nan Alhaji ya fi mu. Na leƙa jerin ɗansa: "karatu", "kasuwanci", "gyara rayuwata". Waɗannan buri ne, ba wanda zai iya jan layi a kansu. A kayen ubansa kuwa za ka ga sunan mutum, buhu nawa, rana kaza. Aiki ya fara da abin da hannu zai yi: "buga shafi 12 na babi na biyu", "kira mai mota a kan buhu 40 na gero". Tsarin todo.txt, wanda Gina Trapani ta fara a 2006, yana koya wannan da kyau, domin fayil ne na rubutu zalla, layi ɗaya aiki ɗaya:

(A) Biya kuɗin lakwal na yara +gida @gari

Harafin A na nuna muhimmanci, alamar tarawa na nuna sha'anin da aikin ya shafa, ɗayar kuma wurin da za a yi shi. In ka gama ka sa x a farkon layi. Manhajar Markor tana karanta shi a waya, kuma ko duk manhajoji sun mutu, fayil ɗin zai buɗu a kowace kwamfuta.

Wani abin kuma, sa wa kowane aiki ranar yau. Kwana uku, jerin ya yi ja kamar barkono, mutum ya fara jin nauyin buɗe shi. Rana ta aikin da ke da wa'adi na gaske ce, kamar jarrabawa, biyan haya, ɗinkin Sallah. Sauran su zauna ba rana, kowace safiya ka zaɓi uku. Abin da ake yi kullum, kamar tilawa ko shan magani, ka kai shi manhajar Loop Habit Tracker, kada ya cika maka jeri. Mu kuma da salla muke auna yini, waya kuwa ba ta san "bayan La'asar" ba. Ka ba ta ƙarfe da minti, ka riƙa matsarwa idan lokacin salla ya matsa. Dabarar nan ta Pomodoro, aiki minti 25 hutu minti 5, wadda ke cikin manhajar Super Productivity, ta ɗalibi ce da mai ofis. Mai shago da ciniki ke katse shi kowane lokaci kada ya wahalar da kansa.

Ɗan Alhaji na cire masa manhajoji biyu na bar ɗaya, na ce kada in ga sabuwa a wayarsa sai bayan wata uku, don kowace ƙaura sai an zubar da wani abu a hanya. Bayan mako biyu uban da kansa ya zo, kaye a hammata. "Yaro, a zuba mini wannan a waya, kamar na ɗan'uwanka." Na ce, "Alhaji, ku bar shi yadda yake, ba abin da ya rage masa sai tsoron ruwa da gobara." Muka shirya kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci ɗan zai ɗauki hoton sababbin shafuka ya zuba a Joplin. Alhaji ya maida robarsa, ya tambaye ni ko na tuna saura jikka biyu na takin bara. Ya buɗe shafin ya nuna mini.