Kurakuran da Baƙo Ya Fi Yi Wajen Koyon Suwidanci a Göteborg

Babban abin da ke hana baƙo jin Suwidanci a birni irin Göteborg na ƙasar Suwidin shi ne Turancin mutanen garin. Da zarar mai kanti ko ma'aikaciyar asibiti ta ji harshensa ya sarƙe, sai ta juya zuwa Turanci don ta sauƙaƙa masa, shi kuwa sai ya ji sanyi a ransa ya bi ta, har a wayi gari ya shekara biyu bai iya gaya wa mai gida cewa famfo yana yoyo ba. Ya kamata ya haddace jimla ɗaya tun makon farko, "Kan vi prata svenska? Jag behöver öva", wato "Ko ma yi Suwidanci? Ina bukatar in saba", kuma ya ci gaba da amsawa da Suwidancinsa na tsintuwa ko da an yi masa Turanci.

Wasu kuma sukan jinkirta shiga SFI, makarantar koyar da baƙi harshe wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa kyauta ga wanda aka yi wa rajistar zama, suna cewa sai sun sami aiki tukuna. Karatun yana da matakai huɗu, daga A zuwa D, kuma iliminka na baya ake dubawa kafin a ajiye ka: wanda bai yi boko sosai ba daga A yake farawa, wanda ya yi jami'a kuwa galibi daga C. Bai kamata mutum ya ɓoye iliminsa don a ba shi aji mai sauƙi ba. Sannan awa 15 ɗin da ake yi a mako ba sa isa su kaɗai, sai an haɗa da zaman hira da ake kira språkcafé a ɗakunan karatu, da sauraron Radio Sweden på lätt svenska, da karanta jaridar 8 Sidor mai sauƙin harshe.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici ga Bahaushe shi ne koyo da ido, alhali kunnensa ya riga ya mallaki abin da wasu baƙi ke shan wahala a kansa. Mu da muke bambanta gari na mazauna da garin tuwo ta tsawon wasali kawai, bai kamata tak da tack su gagare mu ba. Na farko, mai dogon wasali, rufin ɗaki ne, na biyu kuwa godiya ce. Ƙa'idar ita ce, idan baƙi biyu suka biyo wasali, gajere ne, idan ɗaya ne, a ja shi. Haka glas yake kofin gilashi, glass kuma askirim. Ful mummuna, full kuwa cikakke ko wanda ya bugu da giya. Abin da ke jawo matsalar shi ne rubutun bokon Hausa ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka mun saba mu bar wa kunne aikin a harshenmu, amma da muka ga baƙon harshe a takarda sai mu karanta kowane wasali da tsawo ɗaya. Har karin sauti suna da shi, kamar yadda kukan yaro ya bambanta da kukar miya: anden yana iya zama agwagwa ko ruhi, gwargwadon yadda murya ta hau ta sauka. Wannan bai kai tsawon wasali muhimmanci ba, domin mahallin magana yakan warware shi.

Inda kunnen namu ba ya taimako shi ne p da f, da kuma v da b. Par na nufin biyu masu tafiya tare, far kuwa uba. Vi mu ne, bi ƙudan zuma. A riƙe takarda a gaban baki: idan an furta p daidai, leɓɓa za su haɗu su buɗe da iska har takardar ta motsa. Haruffan å, ä da ö kuma wasula ne masu zaman kansu, a ƙarshen jerin haruffa 29 suke, kuma wanda ya ɗauke su a matsayin a da o masu ado zai nemi kalma a ƙamus ya rasa.

Kowane suna ko dai na en ne ko na ett, ƙananan kalmomin da ake sa wa a gabansa da ma'anar "wani" ko "wata", kuma babu wata alama tabbatacciya irin wasalin a da ke yawan nuna tamata a Hausa. Kusan kashi uku cikin huɗu na en ne, don haka idan an rasa, a cinka en. Amma gyaran gaskiya shi ne kada a taɓa rubuta suna shi kaɗai a littafi; a rubuta en bil (mota), ett hus (gida), ett barn (yaro), domin sifa ma tana bin sa: en stor bil (babbar mota), amma ett stort hus (babban gida). Ɗafa alamar sananne a ƙarshen kalma kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu, bil ya koma bilen kamar yadda mota take komawa motar.

A tsarin jimla, aikatau yana zama a gurbi na biyu ko da me aka fara. "Idag jag går till jobbet" kuskure ne da ake ji kullum. Daidai shi ne "Idag går jag till jobbet", wato "Yau zan tafi aiki", inda aikatau går ya zo na biyu. Za a fahimci mai kuskuren, amma a jarrabawa maki yake ci.

Rubutu da furuci ma sukan raba hanya. De da dem (wato "su") duka dom ake cewa, och (wato "da") yakan koma å, g ɗin farkon Göteborg kuma y ake furta shi. Wanda ke shiga jirgin titi kullum yana da malami kyauta: ya dubi sunan tasha a allo, ya saurari yadda murya ta faɗe shi, ya maimaita a hankali.

Ni kaina na taɓa rasa ganawa da likita saboda halv tre. Na ji tre, wato uku, na ji halv, wato rabi, na isa ƙarfe uku da rabi da takardata a hannu, matar da ke karɓar baƙi ta dubi kwamfuta ta ce lokacina ya wuce da awa guda. Ma'anarsa rabin tafiya zuwa ƙarfe uku, wato biyu da rabi. Tun daga ranar nakan maimaita lokaci da lambobi, in ce "fjorton trettio?", wato 14:30, in jira a tabbatar. Haka kuma sukan ƙirga shekara da makonni, a ce taro yana vecka 42, don haka kalanda mai lambar mako ta zama dole.

Game da ladabi, Bahaushe yakan ji nauyin ce wa dattijo ko shugabansa du, wato "kai" ko "ke", sai ya koma kalmar ni yana zaton daidai yake da "ku" ɗinmu na girmamawa. Tun ƙarshen shekarun 1960 du ya game kowa, malami da likita da shugaban ma'aikata, ana kuma kiransu da sunan yanka, har wasu tsofaffi sukan ji kalmar ni kamar an nisanta su ne. Ladabin nasu yana cikin yawan tack da cika alkawarin lokaci, da kuma "tack för senast" da ake gaya wa wanda ya karɓi baƙuncinka idan kun sake haɗuwa.