Yadda na kashe gunjin da ke cikin gitar bas ɗina

Gitar bas ɗin na hannu ce, ƙirar Jazz Bass mai tsirkiya 4, na saye ta a wajajen Terminus nan Jos. Muryarta ta yi min, amma da zarar na jona ta da amfilifaya sai wani gunji ya taso kamar ƙudan zuma a tulu. Na ɗora wa janareta laifi. Na sauya waya har sau biyu, a banza.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu ya saurara, ya ce, “Yaro, ɗora hannunka a kan tsirkiyun mu ji.” Na ɗora, gunjin bai ragu ba ko kaɗan. Ya ce to wayar at ce, wato wadda ke kwashe gunjin lantarki zuwa ƙasa, ta rabu da ƙarfen da ke riƙe tsirkiyu daga ƙasa, abin da masu gurmi ke kira jaki. Da tana haɗe, taɓawa kawai za ta rage ƙarar.

Na sassauta tsirkiyun, na kwance ƙarfen. Ashe bakin wayar ya nutse cikin fenti, ya yi tsatsa, ba ya taɓa komai. Na fere shi, na baza zaren tagullar, na kankare ƙasan ƙarfen da samfefa, na mayar na ɗaure tam. Minti 20 ke nan, bayan wata biyu ina fama.

Ɗan abin da ya saura halin ƙirar ne: fikof ɗinta biyu, wato na'urorin da ke ɗaukar sautin tsirkiyu, kowanne naɗin waya ɗaya gare shi, yana kwaso gunjin lantarki idan shi kaɗai aka buɗe. In na buɗe su daidai wa daida sai su kashe na juna. Haka nake barin su yanzu a wajen biki.