Yadda za ka koma wa Pokémon HeartGold da SoulSilver ba tare da ka yi asarar kuɗi ko lokaci ba

Duk wanda ya taso a Jidda, Makka ko Madina da Nintendo DS a aljihun jallabiya ya san waɗannan kaset biyu. Sun fito a Japan a 2009, suka isa Amurka da Turai a Maris 2010, kuma sabon zubi ne na Gold da Silver na 1999. Wasan da agogon gaske da ranakun mako na gaske yake tafiya, don haka rabin aikin a shiri yake tun kafin ka kunna.

Fara da kaset, domin jabu ya cika kasuwa. In za ka saya a manhajar Haraj ko a Haraj Sawarikh na Jidda, kada ka biya riyal ko ɗaya sai ka riƙe shi a hannu. Na asali baƙi ne, ba toka-toka ba kamar yawancin kaset ɗin DS. Kunna tocilan wayarka ka manna shi a jikin kaset ɗin: robar za ta nuna ja mai duhu, saboda an yi ta ne don hasken infirared ya ratsa. A bayansa za ka ga NTR-031. Lambar da ke kan takardar gaba ta HeartGold tana ɗauke da IPK, ta SoulSilver kuma IPG, sai harafi na huɗu, E na Amurka ko P na Turai. Haruffa huɗun farko na lambar da aka buga a baya dole su yi daidai da na gaba. In sun saɓa, mayar wa mai shi. Jabun kaset yakan daskare a tsakiyar faɗa, yakan goge abin da ka adana, kuma ba ya magana da Pokéwalker, ƙaramar na'urar ƙirga taku da ke zuwa tare da wasan. Na Amurka da na Turai duka suna aiki a DS, DS Lite, DSi da 3DS na kowace ƙasa.

Sai caja, inda mutane da yawa ke ƙona kayansu. Cajar DS Lite da aka yi wa kasuwar Amurka wutar 120 kawai take ɗauka, soket ɗin gidajen Saudiyya kuwa yawanci 220 zuwa 230 ne. Karanta rubutun jikin cajar kafin ka soka. Mafi sauƙi shi ne igiyar USB, amma ka lura bakin DS Lite daban yake da na DSi da 3DS. Kada kuma ka bar na'urar cikin mota da rana. Zafin bazara yana kumbura batir har murfin baya ya ɗago. Batirin da ya kumbura a canza shi, kada a sake caja shi.

Kaset ɗin ba ya buƙatar batir don riƙe abin da ka adana, saɓanin Gold da Silver na da, da suke mantuwa da zarar batirin cikinsu ya mutu. Idan tsohon wasanka na yarinta na nan a ciki, duba akwatunan kwamfutar wasan tukuna, ka tura abin da kake so zuwa wani kaset. Guri ɗaya tal ake adanawa. In ka shirya gogewa, a allon farko danna Sama, Select da B tare. Babu dawowa bayan nan.

Daidaita agogon na'urar da lokacin Saudiyya kafin ka soma, sannan ka ƙyale shi. Safiyar wasan daga ƙarfe 4 ne zuwa 10, rana daga 10 zuwa 8 na dare, dare daga 8 zuwa 4 na asuba. Mai buga wasa bayan Isha kawai zai yi ta cin karo da Hoothoot, kuma Eevee ɗin da Bill zai ba shi a Goldenrod Umbreon za ta zama, ba Espeon ba. Murɗa agogo don zaƙuwa ba ya biya, domin wasan na ganewa ya tsayar da abubuwan da ke sabuntawa kullum na kwana guda. Gara ka san jadawalin. Gasar kama ƙwari a National Park ana yin ta Talata, Alhamis da Asabar, ƙwallo 20 cikin minti 20, kuma nan ake samun Scyther da Pinsir. Lapras kuwa ranar Juma'a kaɗai take fitowa a ƙasan Union Cave, ɗaya a mako, sai kana da Surf, dabarar tafiya a kan ruwa. Tunda hutu ne a nan, bayan an sauko daga masallaci an ci abinci lokaci ne mai kyau na zuwa nemanta.

Wajen zaɓen halittarka ta farko (Pokémon) a hannun Farfesa Elm, Cyndaquil ya fi sauƙin tafiya, Totodile na biye. Chikorita tana shan wuya tun daga Falkner mai tsuntsaye da Bugsy mai ƙwari, shugabannin gidajen faɗa biyu na farko da ke ba da bajo, don haka ka bar ta sai kana son wahalar da gangan. A hanya ta 32 kama Mareep, za ta yi maka aiki har ƙarshe.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne gidan Whitney, bajo na uku. Miltank ɗinta mataki na 19 ce kawai, amma tana da Rollout da ƙarfinsa ke ninkuwa duk bugu har zuwa bugu na biyar, da Milk Drink da ke mayar mata da rabin jininta, da Attract da ke hana namiji kai hari a kusan rabin lokuta. Tana kuma riƙe da Lum Berry, wanda ke warkar da barci ko shanyewar farko da ka sa mata, shi ya sa mutum ke ganin kamar dabararsa ba ta kama ba. Maganin yana kusa. Kama Drowzee a hanya ta 34, ka hau hawa na biyar na babban kantin Goldenrod ka musanya shi da Machop. Mace ce, Attract ba ya cin ta, kuma bugunta na faɗa yana yi wa Miltank illa ninki biyu. Ɗaga ta zuwa wajen mataki na 18 kafin ka shiga. Geodude ko Onix ɗin da ake bayarwa a Violet a madadin Bellsprout suna jure Rollout da Stomp. Kada ka dogara da Gastly wai don fatalwa ce. Miltank ɗin na da baiwar da ke sa bugunta ya same ta. In Rollout ya kuskure sau ɗaya, ƙarfinsa ya koma farko, don haka Sand-Attack ko Smokescreen, masu rage mata saiti, a farkon faɗa ba ɓata lokaci ba ne.

Babban aibin wasan, kuma gyaran bai taɓa shi sosai ba, shi ne halittun daji suna tsayawa a ƙananan matakai yayin da manyan abokan hamayya ke hawa. Kingdra ta Clair, mai bajo na takwas, mataki na 41 ce, Dragonite uku na Lance, zakaran gasar, 49, 49 da 50, Pikachu na Red, babban abokin hamayya na ƙarshe a kan Mt. Silver, 88. Wanda ya raba horo tsakanin shida tun da wuri zai isa gaban Lance da 'yan 38 ya sha kashi. Riƙe uku ko huɗu na gaske, sauran su ɗauki dabarun buɗe hanya, Cut, Strength da Whirlpool. Bayan ka kama jan Gyarados a Lake of Rage, kai Red Scale wurin Mr. Pokémon a hanya ta 30 ya ba ka Exp. Share, abin da ke ba mai riƙe da shi rabon horo ko bai shiga faɗa ba. Karɓi lambar wayar masu horo a Pokégear, wayar cikin wasan, domin sake faɗa da su ya fi yawo a ciyawa riba. Kuma ka tanadi harin ƙanƙara saboda Lance. A nan kowane TM, abin koya wa halitta sabon hari, sau ɗaya ake amfani da shi, kada ka zuba Ice Beam a kan wanda za ka ajiye gobe.

Ice Beam ɗin tsaba 10,000 ne a gidan wasan Goldenrod, Dratini 2,100. Ga iyayen da ke ƙyamar caca: a kaset ɗin Turanci an cire injinan caca, an sa Voltorb Flip, kuma ba a sayen tsaba da kuɗi. Wasan lissafi ne a kan gida 25. Kowane gida yana ɓoye 1, 2, 3 ko Voltorb, wanda buɗe shi ke jawo faɗuwa. Fara buɗe layin da aka rubuta babu Voltorb ko ɗaya. Layin da jimlarsa da adadin Voltorb ɗinsa suka haɗu suka ba da 5, babu 2 ko 3 a cikinsa, kada ka taɓa shi.

Intanet ɗin DS an rufe shi tun 20 ga Mayu 2014. Haunter, Kadabra, Machoke da Graveler ba sa kai wa rikiɗar ƙarshe sai da musaya, don haka sai an haɗa na'ura biyu da kaset biyu a ɗaki ɗaya.

In ka dace da Pokéwalker, batirinsa CR2032 ne, irin na makullin mota, ana samunsa a shagon agogo. Taku 20 ke ba da wat ɗaya, makin da ake kashewa a cikinsa; neman halitta wat 10 ne, neman kaya wat 3. Zagaye ɗaya a Kornish ɗin Jidda da yamma ya isa ka tara na kwana. Mataki ɗaya kawai halitta ke ƙarawa a kowace fita komai tsawon tafiyar, don haka dawo da ita kullum. Na hannu da ke ɗaure da wasan wani, a allon haɗawa danna Ƙasa, X da L ka wanke shi. Idan kuma ya ɓata da halittarka a ciki, danna Sama, Select da R a allon, za ta dawo cikin akwati, sai dai wat da kayan da ta tsinta sun tafi.