Darasi na Tara: Yadda Ake Datse Tsohuwar Azaliya a Mayar da Ita Bonsai

A wannan darasi za mu ga yadda masu lambu a ƙasar Japan ke ɗaukar tsohuwar shukar fure mai suna azaliya, su datse ta sosai, su mayar da ita ƙaramar bishiya a cikin kasko. Malami ya fara karantawa da ƙarfi sau ɗaya, sannan ɗalibai su karanta sakin layi ɗai-ɗai.

Bonsai da azaliya

Bonsai bishiya ce da ake reno a ƙaramin kasko. Ana rage mata rassa da saiwa lokaci-lokaci, har ta tsufa ba ta yi tsawo ba, amma duk wanda ya dube ta zai ga siffar babbar bishiya. Daga ƙasar Sin sana'ar ta taso, Japanawa suka karɓa suka ƙware a kanta. A Omiya, arewa da birnin Tokyo, akwai unguwa guda ta masu bonsai. An kafa ta a 1925, bayan girgizar ƙasar 1923 ta yi wa Tokyo ɓarna, masu sana'ar suka fita neman wuri mai ƙasa da ruwa masu kyau.

Azaliya kuwa gajeriyar shuka ce mai ƙananan ganye da yawan fure, fari ko ja ko ruwan hoda. Irin da aka fi yin bonsai da shi sunansa satsuki, kuma yana fure daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Garin Kanuma da ke lardin Tochigi ya yi suna wajen renonta, har biki ake yi mata can duk shekara in ta yi fure.

To, me ya sa ake neman tsohuwa? Saboda kauri. Azaliya ba ta saurin yin jiki, balle a cikin kasko. Wadda ta shekara 20 ko 30 a ƙasa, a bakin shinge ko ƙofar gida, ta riga ta yi gindi mai kauri. Sau da yawa in mai gida zai yi gini sai ya tumɓuke ta ya yar. Abin takaici ne, domin shekarun da ke jikin wannan gindi ba a sayensu a kasuwa.

Ku san halinta kafin ku ɗauki zarto

Yawancin bishiyoyi sama suke tura ƙarfinsu. Kai ya yi ta miƙewa, rassan ƙasa su yi ta ramewa. Azaliya ta saɓa wa wannan. Ƙarfinta a gindi yake, kanta kuwa shi ne rarrauna. Wanda bai san haka ba sai ya aske kan ƙwal, ya ƙyale rassan ƙasa. Shekara na zagayowa ya tarar kan ya bushe, gindi ya cika da sabon tsiro. Don haka a matsa wa rassan ƙasa, a sassauta wa na sama. Ku riƙe wannan, shi ne ginshiƙin darasin.

Alherinta shi ne tana toho daga tsohon itace. Akwai itatuwan da in an yanke reshe ba a bar masa ganye ba, ya mutu ke nan. Azaliya mai lafiya, ko an mayar da ita kututture, za ta fito da toho a jikin ɓawonta. Amma a lura da cewa mai lafiya muka ce. Wadda ganyenta ya yi rawaya, ko ba ta yi sabon tsiro bara ba, ba ta da ajiyar abincin da za ta farfaɗo da shi. Irin wannan a yi jinyarta shekara guda tukuna.

Ga kuma inda hatsarin yake. Ɓawonta siriri ne ƙwarai, farce ma yana kankare shi. Kowane babban reshe kuma yana da hanyarsa ta ruwa da ke sauka ta jikin gangar, wato jikin bishiyar da rassa ke fitowa daga gare shi, har zuwa saiwar da ke ƙarƙashinsa. In aka sare babban reshe lokaci guda, ba a bar kome mai jan ruwa a wurin ba, sai hanyar nan ta bushe. Bushewar ta yi ta sauka a hankali, ta ci gefe guda na gangar, ta kashe saiwar wannan ɓangare. Ba a gane ɓarnar nan take. Sai bayan watanni a ga ɓawo ya yi duhu ya lotsa, in an kankara da wuƙa a tarar babu kore a ciki. A nan ne masu koyo suka fi yin asara.

Lokaci da kayan aiki

A Japan lokaci biyu ake yin wannan yanka: ƙarshen hunturu kafin shuka ta farka, ko da zarar fure ya kaɗe a watan Yuni. Ba a yi in sanyi ya gabato, domin sabon toho ba zai yi ƙwari ba kafin ƙanƙara ta sauka. Wanda ya yi babban yanka ya haƙura da fure shekara ɗaya ko biyu. In ma ƙullin fure ya fito, a tsinke shi, ƙarfin ya tafi ga rassa.

A tanadi zarto mai ƙananan haƙora, almakashin lambu, wuƙa mai kaifi, alli, da danƙon shafe rauni da ake sayarwa don itatuwa. A goge bakin ƙarafan da sifirit. Adda da gatari ba su da aiki a nan, farfasa itacen suke yi.

Yankan kansa

Ku fara da tsugunawa. Ku share busasshen ganye da ƙasar da ta rufe gindi, ku ga yadda saiwa ta bazu. Tsohuwar azaliyar lambu takan fito da ganga biyar, shida ko fiye daga wuri guda. Ku zagaya ta, ku duba ta ko'ina. Wacce ganga ce ta fi kauri? Wacce ke da lanƙwasa mai kyau, tana sirancewa in ta yi sama? Ita za a bari, ko a bar uku masu bambancin kauri. Ku sa wa waɗanda za a cire alama da alli, ku tafi ku huta, ku dawo ku sake dubawa. Abin da zarto ya ci ba ya dawowa.

Shukar da ta kai mita ɗaya da rabi ana iya dawo da ita santimita 40. Ku yanka sama kaɗan da inda kuke so kan bishiyar ya tsaya, domin bakin yanka yakan ɗan bushe. In akwai ƙaramin reshe mai ganye kusa da wurin, ku bar shi ko da bai yi muku kyau ba. Shi zai riƙa jawo ruwa zuwa sama.

Manyan gangunan da za a cire kuwa, kada a shafe su daidai da jiki a rana ɗaya. A bar guntu kamar santimita 3 zuwa 5. Guntun zai yi toho, hanyar ruwan ta ci gaba da aiki, shukar ta sami lokacin karkata abincinta. Baɗi sai a cire guntun. In manyan gangunan suna da yawa, a raba aikin shekara biyu.

Ranar cire guntu, a yanka daidai da jikin ganga, kada a ƙwaƙule rami. Naman da azaliya ke rufe rauni da shi ba shi da kauri, ba zai cike rami ba. A bi gefen raunin da wuƙa a gyara shi sumul, har a ga siririn zobe kore ya kewaye shi. Nan take a shafa danƙo, a rufe har gefuna. Kada a ce sai an gama duka, domin raunin azaliya yana bushewa da wuri.

Haƙowa da ƙasar da take so

Wasu sukan yanka su haƙo a rana ɗaya, kuma in gini ya matso babu yadda za a yi. Amma wanda ke da sarari ya yanka tana ƙasa, ya bar ta ta murmure da cikakkiyar saiwarta, ya haƙo ta shekara mai zuwa. Wannan hanya ta fi aminci.

Saiwar azaliya ba ta nitso. Ƙanana ce cunkus, a saƙe kamar soson wanka, tana kwance kusa da saman ƙasa. Don haka a haƙa da faɗi, ba da zurfi ba. A naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, kada iska ta sha ta. A fara dasa ta a akwatin katako mai huji da yawa a ƙasa. Kaskon ado sai nan gaba.

Ƙasa mai tsami take so. A ma'aunin da ake kira pH, lamba 7 ce tsakiya, abin da ya gaza 7 shi ne mai tsami, azaliya kuwa ta fi jin daɗi tsakanin 4.5 da 6. Japanawa suna dasa ta a wata tsakuwa marar nauyi da dutse mai aman wuta ya zubar, wadda ake haƙowa a yankin Kanuma, ana kuma kiranta da sunan garin. Tana riƙe danshi, tana barin iska ta shiga. In ta jiƙe sai ta yi rawaya sosai, in ta bushe ta koma fari-fari, mai shuka ya gane lokacin ban ruwa da ido. Toka da farar ƙasa suna kashe tsami, kada su kusance ta. Ruwan sama ya fi mata ruwan rijiya mai gishiri-gishiri, wanda ke sa ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa su rage kore.

Bayan yanka

A ajiye ta inda rana ke samunta da safe kawai, iska kuma ba ta kaɗawa da ƙarfi. Tunda ganye ya ragu, shan ruwanta ma ya ragu. Kada a cika mata, kada kuma a bari ta bushe ƙayau. Taki sai toho ya fito.

Bayan 'yan makonni za ku ga ɗigo-ɗigo a jikin ɓawo, ƙanana, wasu kore wasu ja-ja. Toho ke nan. A shekarar farko a bar su su yi ta girma, sai dai a murje waɗanda suka fito daga can gindi, don kada su ƙwace abincin sama. A shekara ta biyu, inda tsiro huɗu ko biyar suka fito wuri guda, a bar biyu. A lokacin ne ake naɗa wa rassa wayar alminiyam mai laushi a karkata su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na azaliya kuwa in ya ƙosa ƙaras yake karyewa.

Gargaɗi: ganye da furen azaliya suna da guba. Akuya ko tunkiya in ta ci tana iya mutuwa. A kwashe duk abin da aka yanke, a kuma hana yara sa shi a baki.

Mu fa a nan?

Azaliya ba ta jure zafi da busasshiyar iska irin na Kano, Sakkwato ko Maraɗi. Amma tsamiya, ceɗiya da kuka duk ana yin bonsai da su a ƙasashe masu zafi. Su dai ƙarfinsu sama yake tafiya, saboda haka a wurinsu kan ake matsa wa, a lallaɓa rassan ƙasa.

Tambayoyi

1. A wane ɓangare azaliya ta fi ƙarfi, kuma yaya wannan ke shafar yanka?
2. Don me ake barin guntu in an cire babban reshe?
3. Wani ya zuba wa azaliyarsa toka yana nufin taki. Me zai faru?
4. Shuka tana da tsawon santimita 150, an dawo da ita 40. Santimita nawa aka yanke?

Aikin gida: ku nemi wata ƙaramar bishiya ko shuka mai rassa da yawa kusa da gidanku. Ku zana ta a littafinku, ku sa alama a kan rassan da za ku cire, ku rubuta jimla uku kuna bayyana dalili. Kada ku yanke kome tukuna, ku zo da zanen aji mu duba tare.