Kurakuran da mutanenmu ke yi a ƙananan gidajen jaz na New York

Kusan duk shekara sai wani daga cikinmu ya je New York taro ko ziyara, ya ji ana zuzuta kiɗan jaz, ya ce bari ya leƙa. Sai ya dawo yana cewa ya yi asarar dalolinsa. Da ka tambaye shi yadda daren ya kasance, za ka tarar kurakuran nan ne dai da na gaji da gani.

Fara da sanin irin wurin da za ka shiga. Ɗauki Village Vanguard, wanda Max Gordon ya buɗe a 1935 a unguwar Greenwich Village. A ƙarƙashin ƙasa yake, ta wata ƙuntatacciyar matattakala ake sauka, ɗakin mai kusurwa uku ne, kujerunsa 123 kacal. Gwiwarka na gogar ta maƙwabcinka, mai ganga kuma yana iya ganin fuskarka. A irin wannan ɗaki ko cokali ka yar, kowa ya ji.

Shi ya sa babban laifi shi ne surutu da waya. Na taɓa raka wani dattijo abokin kasuwancin yayana wani ƙaramin gida, a daren ƙarshe na wani mai piyano da na daɗe ina burin ji ido da ido. Kiɗa ya yi nisa, an bar wa mai bes fili shi kaɗai, wato babban gogen nan da ake kaɗawa a tsaye da yatsu. Nan ne sauti ya fi yin ƙasa, har numfashin makaɗin kana ji. Sai waya ta ɗauki ƙara, ya kuwa amsa: "Salamu alaikum, ina jin ka." Na ce, "Alhaji, don Allah a kashe." Ya ce, "Minti ɗaya, ɗana, maganar kaya ce." Kafin mintin ya cika ma'aikaci ya zo cikin ladabi ya nuna mana matattakala. Tikiti biyu suka tafi, mai piyanon kuma ban sake samun damar jin sa ba. Har yau abin na ci mini rai.

Don Allah ku ji ni: mutumin da ke kan dandamalin nan take yake ƙirƙirar abin da yake kaɗawa, yana sauraron abokansa, suna sauraronsa. Ka katse shi, abin da zai kaɗa ya tafi ke nan. Ranar 25 ga Yuni 1961 aka naɗi kiɗan mai piyano Bill Evans da abokansa biyu a Vanguard, kuma har yau ana jin ƙarar kofuna da hirar 'yan kallo a faifan. Kwana 11 bayan nan mai bes ɗin, Scott LaFaro, ya mutu a haɗarin mota yana da shekara 25. Waɗancan masu hira a kan aikinsa na ƙarshe da ƙungiyar suka yi ta zuba. Ni tun a kan matattakala nake kashe wayata gaba ɗaya, kuma duk wanda zan raka sai ya kashe tasa a gabana. Hoto da bidiyo ma a Vanguard an hana. Labarin da kake son bayarwa ya jira a tashi.

Kuskure na biyu shi ne tashi bayan minti goma, wai kiɗan ba shi da kai. Yana da kai, kai ne ba a nuna maka ba. Da farko kowa zai haɗu a kaɗa ainihin karin waƙar, galibi mai gaɓa 12 ko 32. Daga nan mai saksafon, wato wani abin busa na ƙarfe, ya ɗauka ya yi ta sarrafa shi yadda ya ga dama, sai mai piyano, sai mai bes, amma a ƙarƙashi gaɓoɓin nan suna ta zagayowa ba su canza ba. Wani lokaci a yi musayar gaɓa hurhuɗu da mai ganga. A ƙarshe a koma karin farko, kamar yadda 'yan amshi ke dawo da waƙa kan hanyarta. Dabarata ita ce in riƙe karin farko a zuciya ina bin sa a ɓoye, in ya kuɓuce mini in kama sautin bes, shi ba ya ɓata hanya. Duk wanda ya gama nasa fili ana tafa masa nan take, ba a jira ƙarshe.

Masu cewa kiɗan ya yi wa kunnenmu nisa su tuna Yusef Lateef, makaɗin jaz Ba'amurke, gwanin saksafon da sarewa, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin kiɗanmu, musamman sarewar Fulani. Ya ba mu shekara huɗu, mu ba makaɗan jaz awa ɗaya.

In daɗi ya kama ka, kada ka taso kana liƙi, za ka tare wa mutane gani ne ka rikita makaɗa. Jira a tashi ka sayi faifansu a hannunsu, ka gode musu.

Makara ma na cin mutane. A Vanguard zama biyu ake yi, ƙarfe 8 da ƙarfe 10 na dare, kowanne awa ɗaya da 'yan mintuna, kuma tikitinka na zama ɗaya ne. Tikiti bai ware maka kujera ba, wanda ya riga shiga shi ke zaɓe. Ni nakan sayi tikiti ta intanet tun kafin in baro gida, in isa layi minti 40 kafin a fara, in nemi inda zan ga hannun mai piyano. In karonka na farko ne, ina ba da shawarar daren Litinin, da babbar ƙungiyar gidan ke wasa, al'adar da makaɗa Thad Jones da Mel Lewis suka fara a Fabrairun 1966. Tsarin kiɗansu ya fi fitowa fili ga sabon kunne. Gidan Smalls kuwa, da ke kusa, can tsakar dare makaɗa ke hawa suna gwada juna, wannan sai ka ɗan saba.

Sai maganar abin sha, wadda take damun da yawa daga cikinmu. A Vanguard, ban da tikiti, dole ka sayi abin sha aƙalla ɗaya, kuma lemo ko ruwan kwalba ya wadatar, ba mai kallon ka. Amma wurin ana sayar da barasa, ka sani tun daga gida. In zuciyarka ba ta kwanta da zama a nan ba, akwai bikin tunawa da gwanin saksafon Charlie Parker da ake yi kyauta a watan Agusta a filin Marcus Garvey da ke Harlem, a sarari da rana.

Ka ci abinci kafin ka je, Vanguard ba sa dafa komai. Ka riƙe fasfo, wasu gidajen suna duba shekaru a ƙofa. Ka bar wa mai kawo abin sha tukuici, wajen kashi 20 cikin ɗari, domin da shi yake rayuwa. Babbar jaka ta zauna a masauki, babu inda za ka ajiye ta. Kada kuma tsoron rasa abin hawa ya tashe ka ana tsakiyar kiɗa, jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York yana aiki dare da rana.