Yadda Malami Zai Gyara Kallon da Ɗalibansa Ke Yi Masa

Ɗalibi ba ya ganin zuciyar malaminsa. Abin da yake gani shi ne fuska da murya da jan biron da ke kan littafinsa, kuma da su yake yanke hukuncin ko ya dage da karatu ko ya saki jiki.

Da farko, ka binciki zaton da kake yi wa kowane yaro. A binciken da Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka wallafa a 1968, an shaida wa malaman wata firamare a Kalifoniya cewa wasu yara na gab da yin fice, alhali kara-zube aka zaɓi sunayensu, amma a ƙarshen shekara yaran, musamman na ƙananan azuzuwa, sun zarce takwarorinsu ci gaba a gwajin basira. Masana sun yi ta muhawara kan girman wannan tasiri na zaton malami, duk da haka gwada kai ba shi da wuya: ka riƙe rajista tsawon mako guda kana yin alama a gaban sunan duk wanda ka jefa wa tambaya, sannan ka dubi sunayen da suka rage fayau.

Na biyu, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci, ka koyi jira. Wata mai bincike kan harkar koyarwa, Mary Budd Rowe, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira amsa kimanin daƙiƙa ɗaya kacal, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku amsoshi kan ƙara tsawo, masu ɗaga hannu su ƙaru. Yarinyar da ke bencin baya, wadda ta buɗe baki tana harhaɗa kalmomi sai ka juya ga gwanin aji, ba za ta ce kana sauri ba ne. Za ta ce ka raina ta, gobe kuma hannunta na ƙarƙashin tebur.

Na uku, wajen duba aiki, kada ka tsaya ga rubuta maki. Ka nuna layin da kuskure ya shigo, ka kuma yabi dabarar da yaro ya bi maimakon ce masa haziƙi, domin wanda aka saba kira haziƙi yakan guji tambaya mai wuya don kada sunan ya zube.

Tsawatarwa kuwa a keɓe ake yin ta.

A tsakiyar zango, ka raba ƙananan takardu, kowa ya rubuta ba tare da suna ba abin da ke hana shi yin tambaya a darasinka. Ka zaɓi ƙorafi ɗaya da ya fi maimaituwa, ka faɗa wa ajin ka ji, ka gyara shi a makon da ke biye.