Kurakuran da muke yi wajen auna ƙarfin sojin sama da na sararin samaniya

Tun ranar 25 ga Maris 2022, da baƙin hayaƙi ya turnuƙe saman Jidda bayan harin da 'yan Husi na Yaman suka kai wa ma'ajiyar mai ta Aramco, zancen jiragen yaƙi ya shiga majalisunmu na Hausawan birnin nan. Ina jin daɗin hakan, domin abu ne da ya shafi tsaron iyalanmu, amma akwai kurakuran da nake ji ana ta maimaitawa, kuma ya kamata mu gyara su.

Wanda ya fi yawa shi ne ƙidayar jirage. Mutum zai ce Saudiyya ta yi cinikin sababbin jiragen yaƙi na F-15SA guda 84 daga Amurka a 2011 a kan dala biliyan 29.4, ga kuma jiragen Typhoon guda 72, daga nan sai ya yanke hukunci. Alƙaluman daidai ne, sai dai jirgin da ke rumfa yana jiran kayan gyara daga ƙetare ba ya kare kowa. Abin da ya kamata a tambaya shi ne guda nawa za su iya tashi gobe da asuba, su wane ne makanikan da ke kula da su, kuma sa'o'i nawa matuƙi yake samu a sama don atisaye. Wannan ne ya sa Saudiyya ta kafa kamfanin ƙera kayan soja na SAMI a 2017, kuma shirinta na 2030 ya sa burin a riƙa kashe rabin kuɗin kayan soja a cikin gida.

Kuskure na biyu shi ne raina jirgi maras matuƙi, kuma a ganina wannan ya fi haɗari, domin ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A ranar 14 ga Satumba 2019, irin waɗannan jirage tare da makamai masu linzami suka faɗa wa cibiyoyin man Saudiyya na Abƙaiƙ da Khurais, suka dakatar da ganga miliyan 5.7 a kowace rana, wato kusan rabin man da ƙasar ke haƙowa a lokacin. Suna tafiya ƙasa-ƙasa ne, inda na'urar hango jirage ke wahalar ganinsu, sannan suna da arha ƙwarai, alhali harsashin makamin kariya na Patriot guda ɗaya da ake harbawa don kakkaɓo su yana cin miliyoyin daloli. Ƙasar da ke yin irin wannan musaya kullum za ta gaji kafin maharin ya gaji. Don haka idan aka ce an sayi sabon makamin kariya, a tambaya ko akwai bindigogi da na'urorin toshe sadarwa masu sauƙin kuɗi da ke tsaye a ƙarƙashinsa. Da wannan ido ya kamata a kalli yarjejeniyar jiragen Akinci marasa matuƙi da aka sa wa hannu da kamfanin Baykar na Turkiyya a nan Jidda a Yulin 2023, wadda ta haɗa da ƙera su a cikin gida.

Game da sararin samaniya kuwa, da yawa cikinmu ba sa tuna komai sai tafiyar 'yan sama jannatin Saudiyya Rayyana Barnawi da Ali Alƙarni a Mayun 2023. Abin alfahari ne, amma gasar manyan ƙasashe a kan taurarin ɗan'adam take, domin su ne ke nuna wa jirgi hanya, su kai saƙo, su hango makami tun yana tashi. Rasha ta haɗe sojin samanta da na sararin samaniya a 2015, Amurka ta kafa runduna ta musamman a Disambar 2019, Sin kuma ta sake fasalin tata a Afrilun 2024. Sin ta tarwatsa wani tauraronta da makami mai linzami a 2007 don gwaji, Rasha ma ta yi haka a 2021, kuma a ranar da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 an yi wa hanyar sadarwar tauraron ɗan'adam ta kamfanin Viasat kutse. Gyaran shi ne a riƙa tambaya ko rundunar za ta iya aiki idan aka rikita mata GPS.

Akwai kuma masu ɗaukar sayen makami kamar cefane, a ɗauki wannan a wajen Amurka, wancan a wajen Rasha ko Sin. Turkiyya ta sayi makamin kariyar sama na S-400 daga Rasha, sai Amurka ta fitar da ita daga shirin jirgin yaƙi na F-35 a 2019. Typhoon ƙasashe huɗu ke ƙera shi, Birtaniya da Jamus da Italiya da Sifen, kuma Jamus ita kaɗai ta riƙe batun ƙara sayar wa Saudiyya har zuwa Janairun 2024. Duk wanda ya ji labarin sabon ciniki, ya binciki wace ƙasa ce ke riƙe da kayan gyara da manhajar jirgin, da kuma sharuɗɗan da ta gindaya a kan yadda za a yi amfani da shi.